Ƙudan da Ya Cinye Dawar Kaka

Duk lokacin da aka gabatar da ni a wajen taro, aka ce ga mutumin da ya gano sabon ƙwaro a ƙasar Katsina, sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ana tafi, ni kuwa bakina ɗaci yake yi. Da farko dai ba ni na gano shi ba, mahaifina ne. Sannan masu tafin ba su san abin da ƙwaron nan ya ci kafin ya sami suna ba.

Ƙauyenmu yana bayan Bakori, idan ka sauka daga motar Funtua sai ka hau babur. Baba manomi ne tun tashinsa. Yana noman masara da waken suya kamar kowa, amma akwai wata gona a bakin rafi da ba ya yarda a sa mata komai sai dawar Kaka. Haka muke kiranta a gida, domin daga hannun kakansa ta fito, kuma ba mu san mata wani suna ba. Doguwa ce, idan ka ɗaga kai ka kalli zangarniyarta sai hularka ta faɗi. Ƙwayarta ja-ja ce, rigar ƙwayar kuma doguwa, tana rufe ta ruf. Tana daɗewa ba ta nuna ba, shi ya sa maƙwabta suka yar da ita ɗaya bayan ɗaya, suka koma gajerun iri masu saurin zuwa. Amma tuwonta! Ya kwana ya wuni bai saki ba, ɗumamensa ya fi sabon tuwon wata dawar. Baba kan ce duk wanda ya yar da ita bai san daɗin tuwo ba ne.

Dokoki biyu gare shi a kanta. Bayan girbi yakan zaɓi zangarnu mafi kyau ya ɗaure ƙananan dammuna biyu, a rataye su a madafar Inna inda hayaƙi ke bugunsu. Ɗaya na shuka, ɗaya na ajiya. Na ajiyar ba a taɓa shi sai sabon iri ya shigo gida. "Ba a miƙa wa ƙasa iri duka," in ji shi. Ɗayar dokar kuma, ranar da aka gama sussuka da shiƙa, a ranar ake tara ƙaiƙayin a cinna masa wuta. Ina yaro na tambaye shi dalili, ya ce haka ya tarar. Sai da na je jami'a na karanci ƙwari na gane cewa tsutsar ƙudan dawa a cikin ƙaiƙayi take kwanciya duk rani, tana jiran ruwa. Kakanninmu ba su taɓa leƙa madubin ƙara girma ba, amma sun san inda ɓarawo yake kwana.

Ni ne ɗan fari, don haka Inna ba ta kama sunana, "kai" ne kawai, ko "wancan". Baba kuwa tun da na kama aikin binciken ƙwari a Zariya ya raɗa mini likitan ƙuda. Kuma gara in faɗa tun yanzu, ni mutum ne mai zuciya. Idan na sa abu a gaba, wanda duk ya tare mini hanya sai ya ji babu daɗi, ko wane ne shi.

Wata shekara na zo gida ƙarshen damina, dawa tana fure. Da hantsi Baba ya ce, "Likitan ƙuda, zo ka duba mini wani mara lafiya." Muka je gonar rafi. Ya tanƙwaro kara ɗaya a hankali, ya nuna mini wasu 'yan ƙudaje suna yawo a kan furen, ba su kai sauro girma ba. Ai na san su, da su nake cin abinci. Macen takan soka ƙwai a cikin fure, tsutsa ta ƙyanƙyashe ta shanye ƙwayar tun tana ruwa, zangarniya ta tsaya ƙyam kamar ta ƙwarai, ka murza ka ji holoƙo.

Na ce, "Baba, ƙudan dawa ne."

Ya ce, "Na sani. Amma wannan ba ɗan garin nan ba ne. Wanda na sani ja ne, kuma ba ya iya wa dawar Kaka, rigarta ta fi ƙarfinsa. Wannan baƙi-baƙi ne, kuma yana shiga."

Na yi dariya na ce ƙudan dawa ɗaya ne a duniya, rana ce ke yi masa wasa da ido. Ya saki karan ya koma sama, ya ce, "To. Idona ne ya tsufa, ba hankalina ba." Don dai kada ya ce na raina shi, na kama 'yan kaɗan na jefa a kwalbar sifirit, ruwan da muke adana ƙwari a ciki, na sa a aljihu.

Sai bayan mako uku na tuna da kwalbar. Na ɗora mace ɗaya a gilashi na leƙa madubi, wallahi sai da na tashi tsaye. Tsinin da take saka ƙwai da shi ya fi na wanda na sani tsawo nesa ba kusa ba, daidai da doguwar rigar dawar Kaka. Gaɓoɓin 'yan ƙahonninta ba irin nasa ba ne. Wata jijiyar fiffike da ya kamata ta miƙe, a nan ta lanƙwasa. Na kwaso duk littattafan da ake bin dangin waɗannan ƙudaje da su, na bi su gida-gida kamar mai neman asalin baƙo. Babban dangin ya fito, gidan ma ya yi kama, amma babu ɗakin da ya karɓe ta. Na aika hotuna ga wata tsohuwar masaniya a ƙasar waje wadda ta shafe rayuwarta tana aiki a kan wannan dangi. Ta amsa cewa ba ta taɓa ganin irinta ba, amma ba za a iya yanke hukunci da mata kaɗai ba. A wannan dangi, siffar gaban namiji ce ke raba wani iri da wani. Ta ce dole sai na samo maza.

Nan gizo ke saƙar. Matan su ne ke zuwa kan fure, kowa na iya kama su. Namijin kuwa inda ya fito nan yake tsayawa, ya sadu da mace da sassafe, kafin rana ta take ya mutu. Na koma gida an riga an yi girbi, ana cikin sussuka. Na ɗebo ƙaiƙayi na kai ɗakin gwaji na yayyafa masa ruwa, ya yi fumfuna, tsutsotsin suka mutu. Sai na buga wa Baba waya na ce kada ya ƙone sauran, ya tara shi a gefen gonar rafi ya bar shi har damina, zan zo in kifa masa gidan sauro.

Ya ce, "Kakanka bai taɓa barin ƙaiƙayin dawa ya ga damina ba."

Na ce, "Shekara ɗaya ce kawai, Baba. Aikina ne, na san abin da nake yi."

Ya ce, "To, likita." Ya bar shi.

Ku lura, ba rashin sani ba ne. Ni ne nake tsayawa gaban manoma ina gaya musu su ƙone ƙaiƙayi, su yi shuka da wuri kuma lokaci ɗaya. Da bakina.

Damina ta faɗi, Baba ya sauke damin shuka ya shuka. Dawa ta fito kore shar, sai ruwa ya ɗauke. Kusan mako uku babu ko yayyafi. Tsiron ya ƙone, abin da ya tsira bai fi a ƙirga da ido ba, nan ɗaya can biyu. Da ruwa ya dawo Inna ta kira ni ta ce Babanka ya ce bana wake zai sa a gonar rafi, lokacin dawar Kaka ya wuce, zai riƙe na ajiya sai baɗi.

Ranar ban ci abinci ba na kamo hanya. Na tarar da shi a zaure yana gyaran ƙotar fartanya. Ko gaisuwar kirki ban yi ba. Na ce idan babu dawa a gonar, ƙudan nan zai fito ya rasa inda zai sauka, shekarata ta tafi a banza. Na ce na riga na yi wa mutane alkawari a ƙasar waje. Ya ce, cikin sanyin murya, shukar da ta makara ita ce abincin ƙuda, kuma ba a miƙa wa ƙasa iri duka. Sai zuciyata ta ɗebe ni. Na ce, "Haba Baba! Dami ɗaya na dawa ne za a hana ni abin da sau ɗaya yake zuwa wa mutum a rayuwa? Ku kullum haka kuka tarar, haka kuka tarar! Shi ya sa ba a zuwa ko'ina!"

Na faɗi haka. Ga mahaifina, a zaurensa, ƙofa a buɗe. Inna tana tsaye a bakin shiga gida da ƙwarya a hannu, ta ce, "Kai! Kai!"

Baba ya ajiye fartanyar, ya shiga cikin gida, ya jawo turmi ya kifa a madafa, ya hau. Ya kwance damin ajiya, wanda ya yi baƙi da hayaƙi. Ya sauko ya miƙa wa Inna ya ce a sussuke. Washegari muka shuka tare, yana gaba da sungumi ina binsa ina jefa iri. Har muka gama bai yi mini wasan likitan ƙuda ba ko sau ɗaya.

'Yan tsirarun da suka tsira daga shukar farko su suka riga yin fure. Na zo na kifa gidan sauro a kan wani ɓangare na tarin ƙaiƙayin, ɓangare kawai, domin tarin ya fi gidan sauron girma. Wata safiya bayan sallar asuba, gari ya fara haske, na leƙa na gan su suna rawa a jikin ragar. Maza! Na yi kabbara da ƙarfi har wani mai wucewa ya tsaya. Na kama su da yawa. Sauran tarin da ban rufe ba, ban ko waiwaye shi ba.

Ban tsaya nan ba. Cikakken bayani yana buƙatar tsutsa da kwanson da ƙudan ke fitowa daga ciki, don haka bayan kwanaki na dawo da wuƙa na bi zangarnun shukar farkon nan ina yankewa ina zubawa a jaka. Wasunsu sun fara ɗaukar ƙwaya. Baba yana biye da ni. Ya ce, "Bar mini ko biyar." Na nuna masa gonar, shuka ta biyu ta yi ciki, ganye ya rufe ƙasa, ban taɓa ganin ta yi kyau haka ba. Na ce, "Baba, dubi dawa har dawa. Me za ka yi da biyar?" Na yanke duka. Mafi kyawunsu na kai Zariya na busar da ita a cikin na'urar zafi, na manna a takarda, don ta zama shaidar tsiron da aka sami ƙudan a kai.

Bayan mako biyu da 'yan kwanaki babbar shukar ta yi fure. Ƙudan ya riga ya hayayyafa a kan ta farko, ga kuma na ƙaiƙayi bai gama fitowa ba, kuma duk yankin babu wata dawa mai doguwar riga sai wannan. Inna ta ce da hantsi idan ka tsaya a bakin gonar sai ka ga kamar hayaƙi a kan zangarnun. Baba bai kira ni ba. Da ya kira, wataƙila da an yi feshi an tsirar da wani abu. Daga baya na tambaye shi, ya ce, "Na ɗauka haka kake so su yi yawa."

Lokacin girbi na zo. Daga nesa gonar ta ba ni sha'awa, kara tsaye, kai a miƙe. Ai nan ya kamata in gane, zangarniya mai ƙwaya sunkuyawa take yi. Na murza ta farko, holoƙo. Ta biyu, holoƙo. Na shiga gudu cikin gonar kamar mahaukaci ina murzawa, ƙaiƙayi na cin wuyana. Kwana biyu ni da Baba da Inna muna sussuka muna shiƙa. Abin da ya zauna a faifai wasu 'yan ƙanjamammun ƙwayoyi ne marasa ciki, ko kaza sai ta yi tunani kafin ta tsattsaga. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na zauna a ƙasa na yi kuka kamar yaro. Baba ya tattara ƙaiƙayin da kansa, tsoho da sabo, ya cinna wuta, ya tsaya har ta cinye.

Na bazama neman iri. Na je Maska wurin gwaggona, ƙanwar Baba, wadda aka ba ta irin lokacin aurenta. Ta ce ai ta daɗe da komawa masara, ragowar ta yi kunu da ita wani azumi. Na bi kasuwar Bakori da ta Funtua da ta Malumfashi, har Matazu na kai saboda wani ya ce ya taɓa ganin mai kama da ita. Ina tsugunawa gaban masu awo ina tona buhu kamar mai neman allura. Kaura na gani, farafara na gani, dawar Kaka babu. Na bincika a ma'ajiyar iri ta masu bincike, ba a taɓa karɓarta ba. Wa zai kai? Ni ne ɗan gidan da ya yi boko, shekara nawa ina shiga ina fita a wurin, ban taɓa tunanin in kai ko cikin tafin hannu ba.

Aikin ƙudan kuwa ya tafi sumul. Na jiƙa mazan a magani har suka yi garau, na rarraba gaɓoɓinsu a kan gilashi da allura mai siririn baki, na auna, na zana. Gaban namijin ya tabbatar da komai: sabon iri ne, ɗan gida ɗaya da ƙudan dawa da aka sani, amma ɗakinsa daban. Na zaɓi namiji ɗaya mafi cika ya zama shi ne ma'auni, wanda duk mai shakka har abada zai koma ya duba. Saura suna. A al'adar aikinmu ana iya sa wa sabon ƙwaro sunan wanda ake son karramawa, kuma tun ranar da na leƙa madubin nan na ƙudura sunan Baba zan sa. Na ɗauka wannan zai zama ban-haƙuri.

Na same shi a zaure na gaya masa. Ya dube ni ya daɗe. Ya ce, "Sunana? A kan wanda ya cinye dawar kakana?" Ya girgiza kai. "A'a. Ka sa masa naka." Ban sa nawa ba, kuma ba a yin haka ma. Sunan yankin na sa.

Da takardar ta fito na kawo masa. Ba ya karatun boko, amma ya juya shafukan yana kallon zanen. Ya ce in nuna masa inda aka yi maganar dawar. Layi ɗaya ne: an same shi a kan wata dawar gargajiya mai doguwar riga. Na fassara masa. Ya ce, "Shi kenan?" Na ce shi kenan. Ya ce, "Ƙuda shafi tara, dawa layi ɗaya." Ya miƙo mini takardar.

A hanyar komawa ne na tuna da zangarniyar da na manna a takarda. Ina isa na buɗe akwatin na ɓanɓare ta, na murje ta a kan farar takarda da hannuna. Ƙwaya goma sha ɗaya, cikakku, ja-ja. Na san zafin da na busar da su da shi. Na sani sarai. Amma na ƙulle su a hankici na sake kama hanyar gida, ina ta gaya wa kaina Allah mai iko ne.

Baba ya zuba su a tafin hannunsa ya daɗe yana kallo. Ya ɗauki ɗaya ya ciza, ya tauna a hankali. Ya ce, "Wannan an gasa ta." Na sunkuyar da kai. Amma ya ƙulle goman ya rataye a madafa, a ƙusar da damin ajiya yake zama.

Da ruwa ya sauka ya gyara wani ɗan wuri a bayan ɗakinsa, ya zuba taki, ya yi shuka, ya kewaye da ƙaya saboda kaji. Inna ce ta ba ni labari, ni ban iya zuwa ba, kunya ta hana ni. Ta ce kullum da safe idan ya dawo daga masallaci sai ya ɗauki buta ya je ya tsuguna ya zuba ruwa, ko da an kwana ana ruwan sama. Mako ɗaya, mako biyu, har wata guda. Ciyawa ta fito yana cirewa da yatsa a hankali, yana duba kowace kafin ya tuge. Ta ce masa, "Malam, ai kai ka ce an gasa ta." Ya ce, "Na sani. Yaron ne ya kawo."

Bai ga wata daminar ba. Ciwo ya kwantar da shi, bai daɗe yana jinya ba, kuma ba zan ce baƙin cikin dawa ne ya kashe shi ba, kwanansa ne ya ƙare. Na roƙe shi gafara yana kwance, ya ce ya yafe tun ranar da ya hau turmi. Wannan magana ta fi mini zafi a kan a ce ya zage ni.

Ƙudan nan ban sake ganinsa ba. Duk shekara ina zuwa lokacin fure in bi gonakin mutane da ciyayin bakin rafi da kwalbata, babu shi. Wataƙila yana can a kan wata ciyawa da ban sani ba, wataƙila ya bi dawar. Namijin da na zaɓa yana nan kwance a gilashinsa cikin akwati mai lamba, an ce zai shekara ɗari bai canza ba.

Bayan addu'ar bakwai, baƙi sun watse, Inna ta kira ni madafa. Ta ce, "Kai, hau nan ka sauko mini da wancan." Na kifa turmin na hau. Hankicina ne a jikin ƙusar, ya yi baƙi da hayaƙi. Na ce, "Inna, ba ya shuka su ba?" Ta ce in kwance. Na kwance, ƙwaya biyar. Biyar kawai ya shuka. Sauran ya ajiye.